Awon Taushi

Sai ƙarfe biyun dare Akoka ke daina rawa.
Kafin nan, duk tirelar da ta hau gada
sai allurata ta ji ta.
Janaretan maƙwabta ya yi tari, layin ya karkace.
Folarin ya ja kujera, aikin wuni ya bi ruwa.
Shi ya sa nake tuɓe takalmi a bakin ƙofa
in shiga da sanɗa, numfashi a riƙe.

Bakin allurar nan ban taɓa ganinsa da idona ba.
A tsaga silin gashi gida dubu,
a ɗauki ɗaya, a fiƙe shi,
to an kusa.
Haske ake ɗora mata a gadon baya.
In ta lanƙwasa, hasken ya goce,
gocewar nan ita nake rubutawa.

Daren yau ƙwayar jini ce a ƙarƙashinta,
guda ɗaya tal, kwance cikin ɗigon ruwan gishiri.
Ta mai lafiya, in an danna ta, sai ta lotsa
ta dawo kamar ba a yi ba.
Da wannan haƙurin take ratsa
jijiyar da ta fi ta ƙunci.
Ta mai sikila kuwa ta ƙi.
Ta sandare, ta koma lauje, ta tokare hanya
kamar danfo da ya mutu a tsakiyar Oshodi,
na baya duk su tsaya cik.

Na san wannan tsayuwar tun kafin in san sunanta.
Ɗakinmu na Ketu, ruwan sama na dukan kwano,
Sallau ƙanena yana cizon gefen katifa,
Inna na gasa masa gwiwa da tsumma.
Washegari likita ya ce,
daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne?
Sallau ya juya fuska bango.
Ya ce, ba na ƙirgawa ba ne.

Ni kuwa ga ni ina ƙirgawa.

Baba shekara talatin yana dillanci a Mil Sha Biyu.
Mota ta sauke kwanduna da asuba,
ya ɗauki tumatir guda, ya aza babban yatsa,
ya ce wannan zai kai Juma'a,
wannan kuwa a rabu da shi kafin azahar.
Bai taɓa barin tabo ba.
Ran da na karya allura ta biyu a wata ɗaya,
kowacce ta fi kwando tsada,
na je rumfarsa na zauna kan buhun albasa
na ce, Baba, da wane ƙarfi kake dannawa?
Ya yi dariya har hula ta zame.
Ya ce, Tasalla, daidai yadda zai ba ki amsa.
In kin ƙara, kuka zai yi,
kuma mai kuka ba ya faɗin gaskiyar jikinsa.

Nawa ƙarfin, nauyin tururuwa ne
a kasa shi gida dubbai.
Duk da haka wani lokaci ya yi yawa.

Huɗu da rabi. An fara kiran salla can wajen Bariga.
Ƙwaya arba'in da ɗaya na auna,
rabinsu an jiƙa su da maganin da muke gwadawa.
Ta goma sha bakwai ta lotsa fiye da 'yan uwanta.
Na sake dannawa. Ta sake lotsawa.
Wataƙila magani ne, wataƙila ƙura ce a kan allura,
wataƙila son zuciyata.
Ba zan gaya wa Sallau ba tukuna.

Kwandasta na farko ya buɗe baki a titi,
layin ya fara karkarwa.
Na ɗage allurar a hankali,
na nemo takalmina.